Hannun Jabbi Mai Fito

Ɗayanku ya tambaye ni aikin da na yi a zamanin Turawa, na ce masa koya wa manya cin tuwo da ɗaurin wando. Na gan shi ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na yi ranar da anka fara gaya mini. Ku dai gyara zama ku ji yadda aikin yake, in kun so ku yi dariyar daga baya.

Sunana Labbo, ɗan masassaƙa ne ni a nan Wurno. Turmi da akushi da ƙotar fartanya na tashi ina sassaƙawa, har na yi aure ban san komi game da magani ba. Wanda ya jawo ni shi ne malamin ɗakin magani na hukumar En'e, wani tsohon soja da kowa ke kira Baba Kofur. Ya yi aiki a asibitin sojoji lokacin yaƙi, can ya ga yadda ake koya wa waɗanda harsashi ya kashe wa hannu ko ƙafa su sake yi wa kansu hidima. Da ya dawo gida sai ya ga ƙauyukanmu cike da irinsu, ba kuwa harsashi ya same su ba. Wani ɓarin jikinsa ya shanye, wani karkarwa, wani farfaɗiya, an kwantar da su a ƙuryar ɗaki ana jiran ikon Allah. Aikin da anka ɗauke shi shi ne allura da wankin miki. Wannan ɗayan shi ya ɗora wa kansa, sai daga baya likitan da ke zagayowa daga birni ya yarda anka ba shi mataimaki. Mai sassaƙa yake nema, shi ya sa ya zo gidanmu.

Ranar farko bai nuna mini komi ba. Ya sa na miƙa hannun dama, ya naɗe shi a jikina da rawani, ya ƙulle ta baya.

"Kwana ukku," in ji shi. "In kak kwance, kada ka dawo."

Kafin azahar na gane abin da yake nufi. Na kasa ɗaure mazagin wandona, sai da matata ta ɗaure mini. Na zo alwala, in na riƙe buta ba hannun wanki, in na aje ta ba mai zuba ruwa. Da anka kawo tuwo ƙofar gida na miƙa hagu cikin akushi, kawuna ya janye hannunsa ya ce ya ƙoshi. A kwana na biyu cikin ɗaki na ci ni kaɗai. Da na koma wurin Baba Kofur ya kwance ni, ya tambaye ni mi ya fi yi mini wuya. Na ce akushi.

"To ka gani," ya ce. "Kai kwana ukku kay yi. Su ba mai kwance su."

Kayan aikinmu duk cikin jakar fata guda suke, a bayan keke. Gizago, wuƙa biyu, magagari, basilla, jan fata mai laushi daga wurin dukawa, igiyar rama, tsumma mai tsabta, da ɗan kaskon man shanu na murza gaɓoɓi. Sauran abin da muke bukata a gidan maras lafiya muke samunsa. Gora biyu a kafa su jere a tsakar gida, mutum ya dafa ya koyi taku. Wake a zuba cikin ƙwarya, ya riƙa tsinta ɗaya ɗaya yana sawa cikin wata. Cokalin itacen aduwa mu kan kaurara masa mariƙi kamar ƙotar gatari, mu sa masa madauki na fata, mutum ya zura hannun dama ya ci abinci cikin mutane. Ga hannun da yatsunsa sunka dunƙule kuwa, mu kan sassaƙa ɗan katako mai siffar tafin hannu, muna ce masa allo, a shimfiɗa yatsun a kai a ɗaure don kada su ƙage.

Akwai wani Bafillace dattijo a wata ruga kusa da Tursa, karkarwa ta kama hannuwansa har nono ba ya kai wa bakinsa sai rabi ya zube a riga. Ya daina shan komi in da mutane, ya rame. Na sassaƙa masa ƙoƙo mai hannu biyu, bai yi ba. Na yi mai nauyi, ya rage amma bai hana ba. Baba Kofur ya zauna yana kallonsa tun hantsi, sannan ya tashi ya karyo karan gamba, ya huda shi, ya aje ƙwaryar nono a ƙasa ya sa karan ciki. Dattijon ya sunkuya ya zuƙe ta tas, ko ɗigo bai zuba ba. Kwana huɗu na ɓata ina sassaƙa. A hanya Baba Kofur ya ce mini in riƙa zama ina kallo kafin in ɗauki gizago.

A Lahodu kuma wata mata ce mai farfaɗiya, sau biyu tana faɗawa wuta, har mijinta ya hana ta girki. Ita kuwa ta ce in ba ta girka wa 'ya'yanta ba mi ya rage mata a gidan. Mu ba mu iya shiga, sai ta bakin surukarta muke magana da ita daga zaure. Munka sa surukar ta auna tsawon gwiwarta da kara, munka nuna wa mijin yadda zai gina ɗan bango na laka ya kewaye murhun, ya bar kafar sa itace ta gefe, ita kuma ta riƙa girki a zaune, da wani babba kusa. Ta sake faɗuwa bayan haka, ba sau ɗaya ba, amma bango take buga wa.

Masu kiranmu ba su kiranmu da wuri. Sai an sha rubutu, an yi turare, wanzami ya yi ƙaho, wata shida sun wuce gaɓoɓi sun ƙage, sannan a ce a kira mutanen Kofur. Ba mu hana kowa maganinsa, mu dai mu kan roƙa a bar mu mu yi namu a gefe. Wanda ya fi ba mu wuya shi ne mai tausayi. Uwa ko mata ta ga mutum yana fama da cokali, miya na zuba, sai ta karɓe ta ba shi a baki. Kai da kanka za ka ji hannunka na ƙaiƙayi. Baba Kofur har cewa yake in zauna a kan tafukana.

Shekara biyar na yi ina bin sa, sannan shekarar sanƙarau ta zo. Da bazara ta shigo, zafi kamar a gasa mutum. Za ka gaisa da mutum da safe, la'asar a ce wuyansa ya sandare, gobe a kai shi. Anka hana cin kasuwa a wasu garuruwa. Baba Kofur na cikin waɗanda sunka fara tafiya, kwana biyu ya yi a kwance. Anka turo wani malami daga birni ya riƙe allura, ni kuma anka bar ni da jaka da keke, da duk waɗanda ciwon ya kayar bai kashe ba, daga Wurno zuwa Rabah zuwa Goronyo. Wasu sun tashi kurame, wasu hannu ya mutu, wasu ƙafa. Ni kaɗai, ba wanda zan juya in tambaya.

A cikinsu akwai Jabbi, mai fito a wani mashigi na gulbin Rima kusa da Goronyo, tun ba a yi madatsar ruwa ba. Mutum ne ƙaƙƙarfa, kafaɗunsa kamar ƙofar zaure, shekarunsa za su kai arba'in. Ciwon ya tafi da kunnensa guda, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Ƙafar dama tana ja, hannun dama kuwa ya mutu daga gwiwa zuwa yatsu. Na soka masa basilla a tafi, bai ko ƙifta ido ba. Yatsun sun fara dunƙulewa. Na same shi a rumfar ƙofar gida, da matarsa Hajo, da wansa Altine wanda ya karɓi jirgin yana fiton.

Na sassaƙa masa allo a nan take, ya zauna daidai. Da na buɗe jaka sai na ga jan fata ta ƙare, badukun da ke sayar mini kuwa ya rasu a makon nan. Altine ya kawo mini ɗanyar fatar akuya da sunka shanya. Na yanka siriri, na jiƙa ta don ta yi laushi, na ɗaure yatsu da wuyan hannu. Na san ɗanyar fata na tsukewa in ta bushe, kowane masassaƙi ya san haka, da ita muke ɗaure ƙota. Amma na yi lissafin gobe da hantsi zan biyo in canza. Na kuma ga wani ƙullin garin magani a gefen tabarma, na san ina juya baya Altine zai kwance allon ya shafa. Don haka na kira Hajo na ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kada kowa shi taɓa ɗaurin ga sai na dawo. Kin jiya?"

"Na jiya, Malam," in ji ta.

Ban kai gida ba ɗan doka ya tare ni a hanya da takarda. An kafa bukkoki a bayan garin Rabah inda ake keɓe masu ciwon, ana neman duk wani ma'aikacin lafiya ya tafi can a ranar. Wanda ya shiga kuwa ba ya fita sai an sallame shi. Na bi shi. Abin da na tarar can ya kore mini komi daga kai. Mutane jere a kan tabarmi, mu kuwa 'yan kaɗan, muna ba da ƙwaya da ruwa, muna juya waɗanda ba su iya juyawa, muna ɗaukar waɗanda sunka cika.

A kwana na uku makarar da muke ɗauka da ita ta kwance, anka ce masassaƙi ya gyara. Na ɗaure ta da ɗanyar fata da safe, na jingine a rana. Da la'asar na zo ɗauka sai na ga fatar ta bushe ta nutse cikin itacen, har ta yi masa zobe. Na sa farce in ɗaga ta, ya ƙi shiga. A nan na tuna da Jabbi. Na bar makarar a wurin.

Na tafi wurin babban malamin da ke riƙe da sansanin na gaya masa duka. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya nuna mini bukkokin da hannu.

"Hannu guda kake magana. Dubi nan. In na bar ka ka fita, gobe kowa yana da nasa uzurin, kuma ban san abin da za ka kai musu a jikinka ba."

Na san bai yi kuskure ba. Na koma bakin shinge ina jiran masu wucewa. Mutane kan kauce daga nesa, su toshe hanci da rawani. Da ƙyar wani mai jakuna ya tsaya can, na yi ta ƙwala masa: gidan Jabbi mai fito, a ce wa matarsa ta yanke ɗaurin, ta yanke yau. Ya ɗaga hannu ya wuce. Na sake aikawa ta wata mai tallan nono. Ban san ko sun ji ba, ban san ko can za su ba. Kullum in na wuce makarar nan sai na duba zoben. Na riƙa gaya wa kaina Altine mai taurin kai ne, lalle ya kwance tun daren farko. Ban taɓa roƙon Allah ya sa a saɓa wa maganata ba sai a lokacin. Abinci ya daina shiga. Sau biyu ina ba mutum ƙwaya in manta na ba shi, sai abokin aikina ya riƙe mini hannu.

Kwana goma sha ɗaya na yi, ruwan farko ya sauka, ciwon ya fara lafawa, anka sallame mu. Ban biya gida ba. Hanya ta yi laka, inda keke ya ƙi tafiya na saɓa shi a kafaɗa. Tun daga bakin rumfa na ji wari.

Saƙona ko guda bai iso ba. Altine ya so kwancewa tun kwana na biyu, Hajo ta tare shi ta ce Malam ya hana. Jabbi kuwa ba ya jin zafi, don haka bai yi kuka ba. Sai a kwana na shida da hannun ya kumbura kamar tulu ta sa wuƙa da kanta. Wuyan hannun ya yi miki zagaye. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi ƙirin, sun bushe.

Altine ya taso mini.

"Kai na kak kashe mai hannu! Wallahi sai mun tahi gaban alƙali."

"Ni na," na ce. "Ba laihin Hajo ba na, abin da nic ce mata shi tay yi. Mu tahi gaban alƙali, amma ka bari in wanke mikin ga tukuna."

Jabbi yana kallon bakina, don ta nan yake kama magana. Ya sa hagu ya ɗauko hannun ya aza mini a cinya.

Na wanke da ruwan gishiri da jan magani, washegari munka ɗora shi a jaki zuwa Wurno, daga can anka kai shi birni. Likita ya cire yatsun biyu, ya ce an yi sa'a ba hannun duka ba. Ya kira ni ya tambaye ni yadda anka yi, na faɗa masa kamar yadda na faɗa muku. Ya rubuta a takarda. Wata biyu ina jiran kora, duk masinjan da ya tsaya ƙofar ɗakin magani sai in ce ita ce ya kawo. Ba ta zo ba, ina jin don ba wani mai yin aikin. Altine ma bai kai ƙara ba, Jabbi ya hana shi. Amma ya daina amsa sallamata.

Duk mako ina zuwa gidan. Munka kafa gora, ƙafar ta fara ɗaukarsa. Na murza hannun da man shanu har tafina ya yi kanta. Wajen kaka, ina murzawa, sai babban yatsa ya motsa. Bayan wata guda manuni ya bi. Hajo ta yi guɗa daga cikin gida. Ni kuwa ina kallon gurbin biyun da babu, don in waɗannan sun farka, ba abin da zai hana su ma da sun farka. Jabbi ya ga inda nake kallo.

Ya koyi ci da dama, ya koyi alwala da buta rataye a reshe, ya koyi sa riga. Na kawo masa zare na ce ya koyi saƙar koma ta kamun kifi, sana'a ce ta zaune. Ya ture zaren da ƙafa.

"Ni ba masaƙi ba na. Jirgi ni ka so."

Yatsu uku masu rauni ba su riƙe filafili, wato itacen tuƙin jirgi. Hagu za ta kama sama, amma dama ce ke ja a ƙasa, sai an ɗaure ta a jikin filafilin. Mutumin da anka ɗaure da filafili kuwa, in jirgi ya kife ko filafilin ya maƙale, ya tafi ke nan. Na gaya masa haka. Ya ce in nemo dabara, ai aikina ne.

Wata uku ina nema. Fata dai na rantse ba ta sake taɓa jikinsa. Na samu ƙyallen saƙi mai faɗi wanda ruwa ba ya tsuke shi, na sassaƙa gurbi a jikin filafilin inda wuyan hannu zai kwanta, na yi ɗaurin da zarge, na bar bakin igiyar dogo da ƙulli a ƙarshe, yadda zai cafka da haƙori ya fizge. Munka gwada a tsakar gida har ba na iya ƙirgawa. Munka gwada idonsa a rufe. Da rani munka shiga inda ruwa ke iya ƙugu, Altine ya riƙa kifar da jirgin da gangan, Jabbi na fitowa da igiya a baki yana tofar da ruwa. Kowane gwaji ya ci. Duk da haka in ya ce gobe zai ƙetare, sai in ce a ƙara mako guda. Na ce kafaɗa ba ta yi ƙarfi ba. Na ce a jira ruwa ya ragu, da ya ragu na ce a jira in canza ƙyalle. Haka na yi ta ja har wata damina ta zo ta kusa fita, gulbi ya cika ya yi ja.

Ran nan na iso da hantsi na tarar ba ya rumfa. Hajo ta ce yana mashigi. Na same shi zaune cikin jirgi, filafili a cinya, mutane sun taru a gaɓa da kayansu suna kallo, ba wanda ya shiga. Altine na tsaye ya harɗe hannuwa. Jabbi ya miƙo mini ƙyallen.

"Ɗaura."

"Jabbi, dubi ruwan ga. Ka bari shi sauka."

"Tun rani kana hwaɗin haka. Ɗaura, ko in sa Altine shi ɗaura, shi ko bai iya zargen ba."

Na durƙusa na ɗaura. Na zura yatsa ƙarƙashin ƙyallen na ji da sarari, na sake zurawa. Na miƙe zan koma gaɓa, sai ya riƙe mini riga da hagu.

"Wancan karon ka ɗaure ni ka tahi. Yau ka ɗaure ni ka zamna."

"Ban iya ruwa ba."

"Na sani."

Ya nuna mini mutanen da haɓa. Ya ce ba mai shiga jirgin mai hannu guda sai sun ga wanda ya yi ɗaurin ya yarda da ɗaurinsa. Na dubi Altine ko zai hana, sai ya kau da kai. Na tuɓe takalma, na bar jakata a gaɓa, na shiga na zauna ina fuskantarsa. Na kama gefen jirgin da hannu biyu.

Tuƙinsa ba irin na da ba ne, da kafaɗa da baya yake ja, jirgin na ɗan karkata kowane ja. Amma yana tafiya. Munka wuce rabi. Ni ba na kallon ruwa, ƙyallen kawai nake kallo. Sai na ji ihu daga gaɓa. Na ɗaga kai na ga wata itaciya da ruwa ya tumɓuke tana gangarowa ta bayansa, rassanta a nutse. Shi bai ji ihun ba. Na saki gefen jirgi na buga masa gwiwa na nuna. Ya waiga, ya ja da ƙarfi sau biyu, gindin ya wuce mu da kamu guda. Amma filafilin ya shiga cikin rassan da ke ƙasa ya maƙale. Na ga hannunsa ya miƙe, jikinsa ya bi, gefen jirgi ya kwanta ruwa ya fara shigowa a cinyata.

Ya sunkuya ya cafki igiyar ya fizge kai. Ƙyallen ya warware. Filafili ya bi itaciyar, jirgi ya dawo ya zauna yana juyawa. Jabbi ya turo mini ƙwarya da ƙafa ya ce in kwashe ruwa. Shi kuma ya kwanta a gefe ya sa hannun hagu cikin gulbi yana karkata mu kaɗan kaɗan. Ruwa ya tafi da mu nesa, har mashigin ya ɓace, sannan munka faɗa cikin ciyawar ɗaya gaɓar. Ya kama ta ya jawo mu.

Na fita da rarrafe na yi amai. Da na ɗago na tarar yana juya wuyan hannunsa a rana yana dubawa. Ya miƙo mini. Ko ja bai yi ba.

"Zargenka ya yi," ya ce. "Hilahilina ya tahi. Da mi za mu koma?"

Na ce ni ba inda zan koma, a nan zan zauna har rani. Ya yi dariya har da tari. Wannan ne karo na farko da na ji dariyarsa.

Wani manomi da ke aiki a fadamar ya ara mini gizago, ya ba mu wani busasshen reshe. Na zauna gindin itace ina sassaƙa, ina sauri har sara na kaucewa. Filafilin ya fito a karkace, da ubana ya gan shi da ya jefa a wuta. Na yi masa gurbin wuyan hannu, na yage bakin rawanina na yi ƙyalle. Wajen la'asar munka ja jirgin ta gefen ciyawa zuwa sama, har munka hango mutane can ƙetare, ba wanda ya tafi, Altine ya shiga ruwa har ƙirji yana hange.

Manomin ya biyo mu da dami a ka. Ya dubi Jabbi, ya dubi hannun, ya dubi filafilin. Ya tambaya ko akwai wurin mutum guda. Jabbi ya ce akwai. Ya shiga ya zauna a bayana, ya aje daminsa. Jabbi ya miƙo mini hannu, na ɗaura.